Miyamoto Musashi: gaskiya ne ko almara?

Malam, ka tambaya ko Musashi ya taɓa rayuwa ko ƙirƙirarsa aka yi. Gwanin takobi ne da ya rayu a Japan, ya rasu a 1645. Shi da kansa ya rubuta cewa yana ɗan shekara 13 ya fara kayar da abokin karawa, kuma ya yi gumurzu fiye da 60 ba a taɓa kayar da shi ba. Ya shahara da riƙe takobi biyu, doguwa da gajera.

Karawarsa da wani gwanin takobi, Sasaki Kojiro, a wani tsibiri a 1612 kuwa, nan aka fi ƙara gishiri. Wai da gangan ya makara don ya harzuƙa Kojiro, wai da itacen tuƙa kwalekwale ya sassaƙa takobin katako. A ganina, masu ba da labari na baya ne suka ƙawata wannan. Littafinsa na dabarun yaƙi dai a kogo ya rubuta shi, kusa da birnin Kumamoto.