Dattawa sun ce a yi shiru a sauya masa ikkilisiya

Tambaya: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar zumuntar mata ce a wata ikkilisiya a Jihar Kaduna. Wata marainiya 'yar shekara 13 da ke hannun kakarta ta faɗa mini cewa malamin mawaƙa yakan tsayar da ita bayan an tashi daga koyon waƙa, wai muryarta na son gyara, kuma sau biyu ya taɓa ta inda bai kamata ba. Na kai magana gaban dattawa. Suka kira shi, ya yi kuka, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Yanzu sun ce a rufa asiri saboda sunan ikkilisiya, za su nema masa wuri a wani gari. Sun karanta mini Matta 18, sun ce tsakanin 'yan'uwa ake gama irin wannan. Barci ya ƙaurace mini. Me zan yi? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika saurari yarinyar nan kika kuma yarda da ita. Barcin da ya ƙi zuwa lamirinki ne yake aiki, kada ki kashe shi.

Ki fara da yarinyar, ba da dattawa ba. Ki je wajen kakarta yau, ki zauna da su biyun, ki gaya wa yarinyar a fili cewa ba laifinta ba ne kuma ta yi daidai da ta faɗa. Kada ki yi ta tono da tambayoyi, kada ki sa mata magana a baki. Abin da ta riga ta faɗa ki rubuta shi da kalmominta, da ranar da ta faɗa. Sannan ku kai ta asibiti. Na yi aikin jinya shekaru da yawa, na sani yaro yakan fara faɗin kaɗan ne ya ga yadda fuskar babba za ta yi. Idan abin ya wuce taɓawa, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. A jiharku akwai cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, an kafa su ne domin waɗanda aka ci zarafinsu. Daga can, ko ta ofishin jin daɗin jama'a, a kai rahoto wajen 'yan sanda. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tana nan tun 2003, kuma a 2020 Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe ga yaran da ba su kai shekara 14 ba. Wannan laifi ne a gaban doka, ba saɓani ba ne irin na bashi ko gulma da za a sasanta a ofishin fasto.

Batun Matta 18 kuwa, ki roƙi dattawa cikin ladabi su koma sama kaɗan a wannan surar, su karanta aya ta 6. A can ne Yesu ya ce wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a jefa shi cikin teku. Su kuma buɗe 2 Sama'ila 13. Amnon ɗan Sarki Dawuda ya ci zarafin 'yar'uwarsa Tamar, wanta Absalom ya ce mata ta yi shiru ai ɗan'uwanta ne, Dawuda ya ji ya husata amma bai yi komai ba. Shirun nan bai rufa wa gidan asiri ba: Tamar ta ƙare a kaɗaice, bayan shekara biyu kuma jini ya zuba a gidan sarki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne sauya masa wuri. Can ɗin da za a tura shi babu yara ne? A Ingila an yi wani lauya, John Smyth, da ya riƙa azabtar da samarin da ya sani ta sansanonin matasa na Kirista. Tun 1982 wasu limaman coci suka san abin da yake yi, ba su kai wa 'yan sanda ba. A 1984 ya koma Zimbabuwe, ya buɗe wasu sansanonin, ya ci gaba. Ya mutu a 2018 ba a hukunta shi ba. Da rahoton bincike ya fito a Nuwamban 2024, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, jagoran cocin Ingila, sai da ya ajiye muƙaminsa saboda wannan batu. Sunan da aka so karewa ya ɓaci, bayan an ƙara yawan yaran da aka cuta. Hawayen mutumin naku ba ni da ikon auna su, Allah ne mai gafara. Amma mai tuba na gaskiya ba ya neman a sake ba shi amanar yara, kuma ba ya gudun hukuma. A sauke shi daga aikin yanzu, kafin a gama bincike.

Ban manta wata yarinya da aka kawo mana asibiti ba. Kakarta ta ce kullum Lahadi da safe sai ciki ya murɗe mata, ta ɓoye rigar mawaƙa a ƙarƙashin katifa. Wata uku ana mata faɗa kan lalaci, ana ce ta ja da baya a ruhaniya. Ba wanda ya tambaye ta wa take gudu. Binciken da hukumar ƙidaya ta ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma a Najeriya an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Ki ƙirga yaran makarantar Lahadinku.

Don haka ki tara matan zumunta ku kai wa majalisar dattawa buƙata a rubuce. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, ko fasto ne. Koyon waƙa da shawara a yi su ƙofa a buɗe, manya biyu suna wurin. Wanda ya zo daga wata ikkilisiya kada a danƙa masa yara sai an tuntuɓi inda ya baro, kuma ya zauna an san halinsa. A zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya, a sanar da su daga bagade, yara su san wajen wa za su je. Ku sa ido musamman kan marayu da masu naƙasa da 'yan aikin gida, don mai mugun nufi yakan zaɓi wanda ba shi da mai tsaya masa.

Za a ce kin tona asirin ikkilisiya, wataƙila wasu su daina gaishe ki. Kada ki tafi ke kaɗai, ki nemi mata biyu masu nauyi su raka ki. Idan dattawa suka ƙi, ki kai maganar ga shugabannin gunduma, amma asibiti da hukuma ba sa jiran izininsu. Sunan yarinyar kuma kada ya fita, ko da a matsayin roƙon addu'a ne. Ki sake rubuto mini in ji yadda ta kwana.