Tambaya da Amsa: Sayen Motar Kafin Yaƙin Duniya na Biyu da Koyon Tuƙinta

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga motocin da aka ƙera kafin 1939. Akasarinsu daga 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka suka zo, inda har gobe ake cinikin irin waɗannan motoci kuma ake hawansu a titi. Mun taƙaita tambayoyin don a samu wurin amsa.

Assalamu alaikum. Na ga tallan motoci biyu, Austin Seven ta 1934 da Ford Model A ta 1930. Ban taɓa tuƙa abin da ya girme ni ba. Wacce ta dace da sabon shiga, kuma me zan duba kafin in biya? — Mai karatu, Birmingham

Wa'alaikumus salam. Malam, duk biyun zaɓi ne mai kyau, don an ƙera su da yawa kuma har yau ana yi musu sabbin kayan gyara. Austin Seven an yi ta daga 1922 zuwa 1939, wajen guda 290,000. Model A kuwa daga 1927 zuwa 1931, ta haura miliyan 4. Tunda a Ingila kake, Austin ta fi kusa da hannunka: kayanta da masananta duk suna nan, ga ƙungiyar 750 Motor Club da aka kafa a 1939 domin masu irinta. Amma ka zauna a cikinta tukuna. Injinta cc 747 ne kacal, jikinta ƙarami, dogon mutum gwiwarsa na gugar sitiyari, kuma tafiyar da take jin daɗi ba ta wuce kilomita 60 zuwa 65 a awa ba. Model A injinta lita 3.3 ne, ƙarfin doki 40, ta fi faɗi, ta fi iya bin ayarin motocin zamani.

Wajen dubawa, fara da jiki kafin inji. Inji kullum ana iya gyara shi, ruɓaɓɓen jiki ne ke cinye kuɗi. Motocin Ingila da yawa na wancan zamani firam ɗin katako ne a ƙarƙashin ƙarfen. Buɗe ƙofa, kama bakinta ka ɗaga sama: in ta yi wasa, ko ginshiƙin da take rataye ya motsa, katakon ya gaji. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka danna katakon da bakin sukudireba. Idan ya nutse, aikin kafinta na watanni ne ke jiranka. A Model A, mai ƙofa biyu da ake kira Tudor ƙarfe ya fi yawa a jikinta, mai ƙofa huɗu, Fordor, ita ce mai tarin katako.

Sai inji. Gaya wa mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso, kuma ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyi yake. Duba bulok ko akwai tsagewa ko walda, don ruwan da ya daskare a hunturu yana fasa shi. Da ya yi zafi, saurari ƙasan injin. Bugu mai nauyi yana nufin metal ya ci, kuma metal ɗin waɗannan injuna ba irin wanda ake saye a kwali a ɗaura ba ne. Narka farin ƙarfe ake yi a zuba, sannan a gyara shi da inji daidai kaurin kuranshaf, masu wannan aiki kuwa ƙalilan ne. Ɗaga gaban motar da jak, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Wasa a nan na kinfin ne, shi ke sa sitiyari rawa a hanya.

Takardu kuma: lambar shasi da ke kan V5C, wato takardar rajistar mota, ta yi daidai da ta jikin motar. Motar da ta shekara 40 ana iya yafe mata gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, da harajin hanya a Birtaniya, to ka ga ke nan wataƙila an yi shekaru babu wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Tafi da mutumin ƙungiya wanda ya san irin motar. Kuma in lasin ɗinka na otomatik ne kawai, bai ba ka damar tuƙa ta ba.

Na sayi Model A ta 1930. Duk sanda na canja giya sai ta yi ƙara kamar za ta watse. Giyar ce ta lalace? — Mai karatu, Columbus, Amurka

Da wuya, ɗan'uwa. Giyar motar zamani tana da zoben da ke daidaita gudun haƙora biyu kafin su haɗu. Model A ba ta da shi, ƙafarka da kunnenka ne za su yi aikin. Shi ya sa ake taka kuloci sau biyu, yadda tsofaffin direbobin manyan motoci suke yi.

In za ka hau daga lamba ɗaya zuwa biyu: ɗaga ƙafa daga totur, taka kuloci, sa firi, saki kuloci, ɗan dakata inji ya sauko, sake takawa, tura giyar da yatsu biyu. Kada ka yi mata ƙarfi. Abin da ya fi jawo ƙarar shi ne jan lamba ɗaya da nisa. Wannan inji ƙarfinsa a ƙasa yake, da motar ta fara mirginawa kamar kilomita 10 a awa ka shiga biyu, kafin 30 kana lamba uku.

Saukowa ce mai wuya, don a nan dole gudun inji ya ƙaru. Taka kuloci, sa firi, saki kuloci, ba totur wuta sau ɗaya, vum, sannan ka taka ka sa lamba biyu kafin ƙarar ta faɗi. Sakin kulocin nan a firi shi ne sirrin, domin ta nan ne inji ke juya haƙoran ciki su kai gudun da ake so. Wanda ya ba da wuta ƙafarsa na kan kuloci, hayaniya kawai ya yi. Nemi hanya shimfiɗaɗɗa marar motoci, ka yi ta hawa da sauka tsakanin biyu da uku har kunnenka ya riƙe sautin. Kuma ka riƙa sauke giya tun kafin ka shiga kwana ko gangara.

In ka yi duk wannan ƙarar ba ta daina ba, duba abu uku. Silo, wato gudun inji in ba a taka totur ba, ya yi sama, to inji ba ya saukowa da wuri. Man giya ya yi ruwa: wannan akwati mai kauri yake so, irin wanda ake sayarwa da sunan 600W, kaurinsa ne ke rage gudun haƙora. Na uku, kuloci ba ya saki gaba ɗaya. Ya kamata fedar ta yi wasan kusan inci ɗaya kafin ta fara aiki. Masu Austin Seven kuma su sani, kulocinsu tafiyarsa gajera ce ƙwarai, kamar makunnin fitila, ko a kunne ko a kashe, sai an koyi sakinsa da diddige a ƙasa.

Surukina ya ce Ford Model T feda uku gare ta, don haka duk mai iya giyar hannu zai tuƙa ta. Haka ne? Kuma da gaske handul ɗinta na karya hannu? — Mai karatu, Detroit

Surukin naka ya ƙidaya daidai, amma ko ɗaya daga cikin ukun ba ta yin aikin da ya sani. Ta hagu ita ce giya: a ƙasa lamba ɗaya, a tsakiya firi, a sake ta sama lamba biyu. Ta tsakiya ribas. Ta dama birki. Totur sanda ce a daman sitiyari, taimin kuma sanda a hagu. Akwai dogon hannu a gefen direba: a ja shi baya ya zama hambirki, a tsakiya ya riƙe motar a firi, a tura shi gaba ya ba da damar shiga lamba biyu.

Hatsarin yana kan wanda ya saba da giyar hannu. Abu ya gitta, ƙafarsa ta hagu ta danne feda har ƙasa da nufin kuloci, sai motar ta yi tsalle gaba a lamba ɗaya. Saboda haka a koyi tsayawa kafin tafiya: mayar da totur sama, fedar hagu rabi, sannan birki. A ranar farko a bar dogon hannun a tsakiya, a yi ta zagaye a fili da lamba ɗaya. Fedar hagu a danne ta sosai, jan ta a hankali yana ƙona bel ɗin da ke cikin akwatin giya. Birki kuma a riƙa taka shi ana saki, mai ya samu shiga ya sanyaya shi. Gidan tarihin motoci na Gilmore a nan jiharku ta Michigan yana koyar da tuƙin Model T.

Wani abu da kowane mai saye ya kamata ya tambaya: birkin ƙafa a cikin akwatin giya yake kamawa, ƙarfinsa ta aksul na baya yake isa taya, ƙafafun gaba kuwa ba su da birki sam. A cikin aksul ɗin akwai washa ta farin ƙarfe da ke farfashewa in ta tsufa. Ranar da ta fashe haƙora za su rabu, tuƙi da birkin ƙafa su tafi tare. Masu gyara suna musanya ta da ta tagulla. In mai motar bai san ko an yi haka ba, a ɗauka ba a yi ba.

Batun handul, ƙarfen da ake juyawa da hannu a tayar da inji, gaskiya ne, kuma dalilinsa taimin. In sandar hagu ba ta sama gaba ɗaya, wuta tana tashi kafin fistin ya kai ƙarshe, inji ya juya baya da handul ɗin. A tura sandar sama, a ja hambirki, a sa wa taya waigi don motar kan ɗan matso gaba in mai ya yi sanyi. A kama da hannun hagu, babban yatsa a gefen sauran yatsu ba zagaye da handul ba, a fizgo daga ƙasa zuwa sama. Ba a dannawa ƙasa. Kik na lantarki ya fara zuwa a 1919, sabon shiga ya nemi mai shi.

Maigidana yana so ya riƙa ɗaukar yara a tsohuwar motarsa ta 1932. Hankalina bai kwanta ba. — Mai karatu, Leicester

Hajiya, kina da hujja. Babu bel, a motoci da yawa na lokacin birkin na sanda ne ko na waya ba na mai ba, tazarar tsayawarsa doguwa ce. Dokar Birtaniya ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a motar da ba ta da bel, waɗanda suka haura kuma sai a kujerar baya. Ya canja duk gilashin da ba na kariya ba, ya sa fitilun sigina da na birki masu haske, ya duba shekarun tayoyin ko da zanensu bai ci ba: lambobi huɗu na ƙarshe na lambar DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta. In Ford ce mai durom na siririn ƙarfe, ya sa na zubi, don na asali yana buɗewa in ya yi zafi birki ya tafi. Ƙananan hanyoyi da rana, ban da babban titi.

Wane baƙin mai da wane fetur ake zuba musu? — Mai karatu, Landan

Akasarinsu ba su da filtar mai, don haka juye akai-akai ya fi tsadar mai muhimmanci. Ford ta ce wa masu Model A kowane mil 500, wato kilomita 800, tare da giris a duk gaɓoɓin ƙafa. Model T ba ta da sandar awo. Famfo biyu ne ƙanana a bayan inji, mai ya zubo daga na ƙasa, kada ya wuce na sama. A giya da aksul a guji mai lambar GL-5, yana cin tagulla.

Fetur marar dalma ba matsala ba ne ga inji mai sauƙin matsi irin na Ford. Matsalar ita ce E10 da ya zama fetur na yau da kullum a Birtaniya tun Satumba 2021. Sinadarin ethanol da ke cikinsa yana cin tsohuwar roba da toton kafireta, yana kuma jan ruwa tanki ya yi tsatsa. Zuba E5, mai ƙarancin ethanol, kuma ka rufe famfon mai duk sanda ka ajiye ta, don a yawancinsu man da kansa yake gangarowa daga tanki, allurar kafireta kaɗai ke tare shi. Batir ɗin Model A bolt 6 ne kuma fozitif ke haɗe da jiki, a kula kafin a ɗaura caja.

Zan iya shigo da irin wannan mota Kano? — Mai karatu, Kano

Alhaji, takarda ce farko. Najeriya ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, 'yar 1930 kuwa ta wuce iyakar nesa ba kusa ba, don haka kada ka biya ko sisi sai ka samu amsa a rubuce daga Hukumar Kwastam. Ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma dokokin hanya ba su yarda da mota mai sitiyari a dama ba, wanda hakan ya fitar da motocin Ingila. Ford ta Amurka ce mai sitiyari a hagu.

Sai yanayi. Lagireton waɗannan motoci ba ya riƙe matsi, ruwa na tafasa da wuri. Model T da Austin Seven ko famfon ruwa ba su zo da shi ba, ruwan zafi ne ke hawa da kansa mai sanyi ya sauko, cunkoson watan Afrilu zai wahalar da su. Model A tana da famfo, amma a wanke lagireto sosai, kuma a cire fankarta ta asali mai fiffike biyu, tana tsagewa daga gindi ta huda lagireto ko murfin inji, a sa ta alminiyom. Ba ta zo da filtar iska ba, sai an ƙara mata saboda ƙurar hunturu. Katakon jiki a shafe shi da maganin gara, a ajiye motar kan siminti a inuwa. A cikin kwantenar kuma a haɗo da kwayil, kwandensa, fulogi, gaskit na tof, fanbel da tif biyu na taya: inci 19 ga 'yar 1930 da 1931, inci 21 ga 'yar 1928 da 1929.