Zafin fitsari ya tsaya, na warke ke nan?

Malam, ka ce ruwan da ke fita da zafin fitsari sun tsaya bayan ka sha kafso na kemis, kana tambaya ko ka warke. Don Allah kada ka saki jiki. Ƙwayar ciwon sanyi ta daina jin yawancin waɗannan kafso, shi ya sa yanzu allurar ceftriaxone ake yi a asibiti.

Ni uwargida ce ta fi tsaya min a rai. Mata da yawa suna ɗauke da cutar ba wata alama, sai ta toshe musu hanyar ƙwai, a yi ta neman haihuwa shiru. Ku je asibiti tare, a gwada ku har da tunjere da ƙanjamau, sannan ku ƙaurace wa shimfiɗa kwana 7 bayan magani.