Amsa kan kwasa-kwasan nutso: wanne sabon shiga zai fara yi?

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwanmu da ke karatu a Masar ya ce ya gama Open Water, wato kwas ɗin farko na koyon nutso, a garin Dahab, yanzu ana ta tallata masa ƙananan kwasa-kwasai, yana tambaya ko suna da amfani ko kuwa cin kuɗi ne. To ɗan'uwa, suna da amfani, amma akwai na gaba da wani.

Ka fara da na daidaita jiki a ruwa, wanda PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, ke kira Peak Performance Buoyancy. Nutso biyu ne kacal. Ciwon sabon shiga shi ne ɗaura dalmar ƙara nauyi fiye da kima. In ta yi yawa, dole ka cika rigar nutso da iska kafin ka iya tsayawa cak a cikin ruwa. Ka ɗan yi sama kaɗan, iskar ta kumbura ta fizge ka. Ka sake ta, ka rufta kan murjani. Haka za ka yi ta haki, tukunyar iskar da kake shaƙa ta ƙare abokan tafiya ba su ci rabin tasu ba. Ga gwajin: a saman ruwa ka fitar da iskar riga duka, da numfashi daidai a ƙirji. Ruwa ya tsaya maka a saitin ido, in ka fitar da numfashi ka nutse a hankali. In tukunya cike take, ƙara kamar kilo 2, don tana rage nauyi in iska ta ragu, kuma kana bukatar tsayuwar minti 3 a zurfin mita 5 kafin ka fito.

Sai Nitrox. Iska ce mai oksijin kashi 32 ko 36, maimakon 21 da muke shaƙa. Naitrojin ya ragu, lokacinka a ƙarƙashin ruwa ya ƙaru. Amma don Allah a ji wannan: ba ta zurfi ba ce. Mai 32 iyakarta wajen mita 33, mai 36 wajen mita 28. Ka wuce, oksijin na iya jawo jijjiga, bututu ya fita daga baki. Shi ya sa kai da kanka za ka auna tukunya, ka rubuta a jikinta, ka saita kwamfutar nutso da ke ɗaure a hannunka.

Na zurfi kuwa, ka dakata. Takardarka ta Open Water mita 18 ta ba ka, kwas na gaba wato Advanced 30, kwas ɗin zurfi wato Deep 40. A mita 30 iska na ƙarewa ninki huɗu na saman ruwa, ga mayen naitrojin da ke sa mutum ya dubi ma'auni ya kasa gane lamba. Na san jirgin Thistlegorm da ya nutse a 1941 yana jan hankalin duk wanda ya je Bahar Maliya, amma yana wajen mita 30, ga igiyar ruwa mai ƙarfi. Ka tara nutso a mita 12 zuwa 18 tukuna, har ka iya tsayawa cak ba ka motsa hannu ba, sannan ka nemi Advanced.