Ku Tambayi Anti: Tafkunan Italiya a lokacin kaka, a je ko a haƙura sai bazara?

Wannan makon saƙonni uku na ware saboda duk hanya ɗaya suka bi, wato tafkunan nan na arewacin Italiya da ke gindin duwatsun Alps. Sunayen ƙananan garuruwa na bar muku su yanda za ku gansu a allon tasha, dan kar wani ya je yana neman abun da ba a rubuta ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema, maigidana zai je wani taro a Milan ƙarshen Oktoba kuma ya ce tare za mu tafi, bayan taron muna da kwana 5 da ba abun yi, ni kuma na daɗe ina ganin hotunan tafkin Komo a Instagram raina na biyawa, amma wata ƙawata ta ce wai lokacin duk an rufe komai sai ruwan sama da sanyi asarar kuɗi kawai za mu yi. Shi kuma oga cewa yake mu zagaye tafkuna uku a kwana biyar ɗin, Komo da Garda da Maggiore. Anti wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki tana da rabin gaskiya, oga kuma a wannan karon ki lallaɓa shi ya sauko.

Abun da mutane ba sa ganewa shi ne kakar can kashi biyu ce. Daga Satumba zuwa tsakiyar Oktoba wallahi babu lokacin da ya kai shi daɗi, zafin Agusta ya wuce, cunkoson masu hutu ya ragu, da rana za ki samu digiri 20 da ɗoriya a Satumba, Oktoba kuma ya sauko ƙasa da 20 kaɗan, komai a buɗe. Daga ƙarshen Oktoba ne labari yake canzawa, kuma ke a kan gaɓar nan daidai za ki sauka. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Turai, toh daga ranar kafin biyar da rabi na yamma rana ta faɗi, kinga duk wani shiri na "bari mu huta sai la'asar mu fita" ya rushe, da safe ake fita. Manyan lambunan da ake zuwa dominsu kuma yawanci tsakanin ƙarshen Oktoba da makon farko na Nuwamba suke rufewa sai Maris, otal-otal da gidajen abinci da yawa na ƙananan garuruwa ma haka. Wato za ki riske su a buɗe amma a kwanakinsu na ƙarshe, dan haka lambuna su ne na farko a jerinki, kar ki bar su sai ranar tafiya.

Ruwan sama kuwa ba ƙarya ba ne, Oktoba da Nuwamba suna cikin watannin da aka fi ruwa a yankin, kuma wani lokacin sai ya kwana biyu yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Amma sanyin bakin tafki bai kai yanda ake zuzuta shi ba, saboda ruwan tafkin yana riƙe ɗumin bazara ya dinga sakinsa a hankali, duwatsu kuma sun tare iskar arewa, shi ya sa har zaitun yake yi a wurin. In aka yi ruwa aka ɗauke, washegari sai ki ga kan duwatsu ya yi fari da ƙanƙara, ganyen jikin dutse ya koma ja da ruwan ɗorawa, ni dai a wurina wannan ya fi duk hotunan bazara da kike gani.

Yanzu maganar tafkuna uku. A taswira kusa da juna suke amma kowanne kwarinsa daban, in a jirgin ƙasa ne kusan kullum sai kun dawo Milan sannan ku sake ɗaukar wata hanyar, ga jan akwati ga neman otal, kwana biyu cikin biyar a hanya za su tafi. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Ku ɗauki Komo kawai tunda shi ranki ke so.

Tafkin siffar gwafa gare shi, ƙafa biyu a kudu, ɗaya ta ƙare a birnin Komo (a allo Como za ki gani) ɗaya a Lecco, inda suka haɗu a tsakiya kuma nan ne kyan yake. Ki shiga jirgin ƙasa daga Milano Centrale zuwa Varenna, kusan awa ɗaya ne, ku kama ɗaki a nan. Mutane Bellagio suka fi sani amma Bellagio ba ta da tashar jirgin ƙasa kuma ta fi tsada, daga Varenna kuwa minti 15 ne a jirgin ruwa, ki je ki yi hotunanki a kan matattakalan nan nata ki shiga lambun Villa Melzi ki dawo. Jirgin da ke zaga Varenna, Bellagio da Menaggio yana aiki duk shekara, amma ki kula, kamfanin jiragen wato Navigazione Laghi yana barin jadawalin bazara tun farkon Oktoba, jirage su ragu, na ƙarshe ya tashi da wuri, dan haka jadawalin da kika gani a wani tsohon rubutu a intanet kar ki yi aiki da shi, ki ɗauki hoton wanda ke manne a tashar ranar da kika isa. Wanda jirgin ƙarshe ya bari a ɗaya gaɓar tasi zai nema ya zagaye tafkin da shi, kuɗin kuwa sai ya ji a jikinsa.

A gaɓar yamma akwai Villa Carlotta a Tremezzo, sai Villa del Balbianello a Lenno wanda shi ne gidan nan da ke kan tsinin ƙasa da kowa ke ɗora hotonsa, yawanci ba ya buɗewa Litinin da Laraba kuma gara ki sayi tikiti tun kafin ki je. A Varenna kanta akwai Villa Monastero, doguwar lambu ce a bakin ruwa da ƙafa za ki taka.

Ranar da aka tashi da ruwa kar ki zauna a ɗaki kina jin haushin ƙawarki. Bellano tasha ɗaya ce daga Varenna, akwai wani kwazazzabo a tsakiyar garin ana ce masa Orrido, an yi gadojin ƙafa a jikin dutsen, bayan ruwan sama ne ma ya fi ban tsoro. Ko ku wuce birnin Komo, garin siliki ne tun da daɗewa in kina son gyale mai kyau, ga babbar majami'arsu da aka fara ginawa a 1396, ga gidan tarihin Alessandro Volta wanda ya ƙirƙiro batir, ɗan garin ne an haife shi a 1745. Akwai kuma ƙaramin jirgin da igiya ke ja yana hawa dutse zuwa Brunate tun 1894, minti 7 ne, amma wannan ki bar shi sai ranar da gari ya washe, in akwai hazo farin bango kawai za ki biya kuɗi ki kalla.

Kaya: takalmi mai riƙe ƙasa, dan duwatsun da aka shimfiɗa a lungunan nan in sun jiƙe santsi gare su, mai tsini ki bar shi a akwati. Suwaita, jaket mai hana ruwa, ƙaramar lema. Sannan ranar 1 ga Nuwamba hutu ce a Italiya, 'yan ƙasar ma suna fitowa, in kwanakinku sun haɗa da ita ku kama ɗaki da wuri.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni Hajiyarmu nake so na kai ta huta ƙarshen Satumba, tana fama da gwiwa ba ta iya hawa sosai, kuma babbar damuwata abinci da salla, kinsan tsofaffi in suka fara zargin abinci sai su kwana da yunwa. Wane tafki ya dace da mu?

AMSA: Allah ya yi maka albarka ƙanena, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kai kam Komo ba naku ba ne, garuruwansa duk hawa da sauka ne. Ka kai ta Stresa a tafkin Maggiore, bakin ruwan garin shimfiɗaɗɗe ne da bencina ko'ina, awa ɗaya ne a jirgin ƙasa daga Milan, kuma shi ne tafkin da ya fi kusa da filin jirgin Malpensa. Tsibiran Borromeo suna gabanku, 'yan mintuna ne a jirgin ruwa. Isola Bella ita ce mai fada da fararen dawisu, amma lambunta hawa goma ne, Hajiya ta ga fadar da ƙasan lambun ya isa kar ka matsa mata. Isola dei Pescatori ƙaramin tsibirin masunta ne har yau mutane na zaune a ciki, nan za ku ci kifi. A Verbania kuma akwai Villa Taranto, wani Kyaftin ɗan Sikotilan Neil McEacharn ne ya sayi wurin a 1931 ya mayar da shi lambu, ƙarshen Satumba furannin daliya suna kan ganiyarsu.

Abinci kuwa gaskiya sai da lura, arewacin Italiya suna son alade kuma ba kullum ake ganinsa da ido ba. Duk inda ka ga prosciutto, pancetta, speck, salame, lardo ko strutto a takardar abinci ka tsallake, na ƙarshen nan kitsen alade ne har a wasu burodi ana sawa. Shinkafarsu risotto kuma yawanci da 'yar giya ake fara dafa ta, ka ce wa mai kawo abinci "senza maiale, senza vino", suna ganewa, in ba zai yiwu ba za su faɗa maka. Abun da zai fisshe ku shi ne kifin tafki gasasshe, da polenta wadda garin masara ce tuƙaƙƙiya, na tabbata Hajiya ba za ta yi mata kallon baƙuwa ba, sai taliya da tumatir, da piza margherita. Naman halal a ƙananan garuruwa wuya yake, sai dai shagunan kebab, a Milan ne yake a wadace. Wani abun kuma, gidajen abinci suna rufe kicin wajen biyu da rabi na rana ba sa sake buɗewa sai bakwai na dare, dan haka ka ajiye mata burodi da 'ya'yan itace da kayan shayi a ɗaki.

Salla ku matafiya ne Allah ya sauƙaƙa muku, ka tafi da ƙaramar darduma, alƙibla kudu maso gabas take. In Juma'a ta riske ku a Milan akwai masallaci a Segrate da aka buɗe a 1988. Sannan arewacin tafkin nan cikin Suwizalan yake, in kun shiga jirgin zuwa Locarno, garin da ke ɓangarensu, ku riƙe fasfo, can kuɗinsu faran suke kashewa ba yuro ba, kuma layin wayar da ka saya a Italiya zai iya cinye maka kuɗi da zarar kun tsallaka.

TAMBAYA: Anti mu huɗu ne abokai, tafkin Garda muke so tsakiyar Oktoba, mu yi hayar mota ko kuwa? Kuma biza fa?

AMSA: A cikin ukun Garda ne kaɗai zan ce mota tana da amfani, shi ne tafki mafi girma a Italiya, kusan murabba'in kilomita 370, jirgin ƙasa kuma kudancinsa kawai yake taɓawa a Desenzano da Peschiera. Amma ku san allon nan mai jan da'ira da aka rubuta ZTL, tsakiyar gari ne da aka hana motar baƙo shiga, ba ɗan sanda za ku gani ba kamara ce, tarar sai bayan watanni ta biyo ku ta hannun kamfanin hayar, kuma kowace shiga da tararta. Tsohon garin Sirmione yana cikin irin waɗannan, ku ajiye mota a waje ku taka zuwa ganuwar Scaligero. Ku tafi da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa. A Malcesine ku hau motar igiya zuwa dutsen Monte Baldo, sama da mita 1,700, can sama sanyi ne na gaske ko da ƙasa ana rana. In kun kai ƙarshen wata za ku tarar an fara girbin zaitun, sabon mai da gasasshen kastaniya na bakin titi (wani ɗan itace ne mai ɓawo da ake gasawa) kar su wuce ku.

Biza ta Shengen ce, kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, sai inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya kuma ni shawarata kar ku wuce Yuli ba ku miƙa takardu ba. A lissafinku ku ƙara harajin kwana da otal ke karɓa kan kowane mutum kowane dare, da coperto wato 'yan yuron da gidan abinci ke ɗorawa kan kowace kujera, ba cuta ba ce haka tsarinsu yake. In kuma kun fasa motar kun bi jirgin ƙasa, tikitin takarda na ƙananan jirage sai an buga shi a na'urar da ke tasha kafin a shiga, wanda bai buga ba tara ce ko da ya biya kuɗinsa cif.