Sun ce sai na yi kwas ɗin tiyoloji kafin su ba ni digiri

Wani ƙaninmu ne ya turo saƙo daga Amurka, ya samu sikolashif a wata jami'ar Katolika har ya fara zuwa aji, sai ya tarar cikin kwasa-kwasan dole akwai tiyoloji, wato nazarin addini, guda biyu. Labari ya kai kunnen Baba a gida, ya ce ko ya ajiye kwas ɗin ko ya tattaro kayansa ya dawo. Ƙanin namu yana tambaya ya zai yi.

To ƙanina, kafin komai kar ka kuskura ka ajiye kwas ɗin nan da kanka. Bizar ɗalibai ta F-1 gare ka, ɗan digirin farko kuma dole ya riƙe kiredit (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) 12 ko fiye a kowace samista, in ka zare kwas ɗaya ka faɗo ƙasa da haka ba tare da ofishin ɗaliban ƙasashen waje sun sa maka hannu ba to takardarka ta I-20, wato shaidar zamanka ɗalibi a Amurka, ce ka jefa cikin matsala, kuma gyaran wannan ya fi kwas ɗin wahala nesa ba kusa ba.

Shi kwas ɗin kuwa aji ne, ba coci ba. Karatu za a ba ka, ka yi rubutu, ka zauna jarabawa. Ba a tambayarka ka yi imani da abin da ka karanta, maki ake ba ka kan ko ka fahimta. A jami'ar Katolika ta Georgetown da ke Washington guda biyu ake yi, kuma ana iya cike na biyun da kwas kan Musulunci ma. Su ne fa tun 1999 suka ɗauki limamin Musulmi aiki na dindindin, ana Juma'a a cikin makarantar. Jami'ar Notre Dame ita ma biyu ne amma can Katolikancin ya fi kauri, kowane hostel da ɗan cocinsa a ciki, kuros a bangon aji. Akwai kuma irin su jami'ar Steubenville a Ohayo da addinin ne gaba ɗaya rayuwar makarantar, can kam gaskiya zaman zai yi wa Musulmi nauyi. Shi ya sa nake cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, je ka wajen mai ba ka shawarar kwasa-kwasai ka ce ya nuna maka duk zaɓin da ke cike gurbin nan.

Zuwa coci a yawancinsu ba dole ba ne. Za ka dai ga wata Laraba mutane na yawo da toka a goshi, lokacin azuminsu kuma ranar Juma'a kifi ya cika wajen cin abinci, wannan ma ai gaba ta kai ka tunda ba ka cin namansu.

Batun Baba kuwa, kar ka yi ta tura masa saƙon murya kana kare kanka. Samu baffanka ko malamin da yake jin maganarsa, ka tura musu jadawalin kwas ɗin ka fassara musu mako-mako. Ka tuna wa Baba 'ya'yan Musulmi nawa suka yi makarantar Katolika ta St. Louis a Kano suka fito da sallarsu. In ya kira ranar Juma'a ka ɗaga kana fitowa daga masallaci, ya ji hayaniyar jama'a da kunnensa.