Hukuncin Warware Matsalolin Kashe Sarki a Wasan Ches

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ba na buga ches da kowa, ba na kuma sa kuɗi. A waya ake kawo min hoton allo daga wasannin manyan gwanaye na da, a ce in nemo yadda za a kashe sarki a taku biyu ko uku. Yawanci bayan na kwanta nake yi, wani lokaci har ƙarfe biyun dare, kuma akwai ranakun da na makara sallar Asuba. Abokina ya ce haramun ne, wai daidai yake da tsoma hannu a jinin alade. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ba ka ɓoye maganar Asuba ba, domin a can hukuncinka yake.

Abin da malamai suka haɗu a kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Shaɗaranji, wato wasan ches, idan da kuɗi a tsakani caca ne. Idan ya sa aka bar farilla, ko ya jawo zagi da rantsuwar ƙarya, haramun ne a wurin kowa. Saɓanin yana kan wanda ya kuɓuta daga waɗannan. Hanabila da mafi yawan Hanafiyya sun haramta. Imam Shafi'i ya tsaya a karhanci. Imam Malik a Muwaɗɗa ya ce babu alheri a cikinsa, mai Risala kuma ya ce bai halatta ba. Sai dai Ibn Abdil Barri, da ya tace mazhabar Malik, ya bayyana cewa wanda ya buga jefi-jefi a cikin gidansa, babu caca, ba a san shi da shi ba, an yi masa rangwame kuma ba a mayar da shaidarsa. Shi ya sa Shaihu Khalil, da ya zo lissafin abin da ke zubar da adalcin mai shaida, dawwama a kan shaɗaranji ya ambata. Riƙe wannan maganar ta dawwama, za ta dawo kanka.

Maganar abokinka kuwa, hadisin da ya jawo ingantacce ne, yana cikin Sahihu Muslim, amma a kan nardu ya zo, wasan da ake jefa ƙwaya kamar ta lido, abin da ya fito shi ke tafiyar da kai. Shaɗaranji bai yaɗu tsakanin Musulmi ba sai bayan buɗe ƙasar Farisa, kuma Ibnul Ƙayyim, wanda shi kansa yana cikin masu haramtawa, ya faɗa ƙarara cewa hadisan da ake jingina wa Annabi (SAW) a kan shaɗaranji ƙarya ne. Abin da ya rage shi ne maganar Sayyidina Aliyu da ya wuce wasu suna bugawa ya karanta musu ayar gumakan da aka duƙufa a kansu, kuma masana hadisi sun yi magana a kan ingancin isnadinta. A ɗaya gefen an ruwaito cewa Sa'idu bin Jubair, babban tabi'i, yana bugawa har ba tare da ya kalli allo ba.

To sai aka koma ƙiyasi, aka ce shaɗaranji ɗan'uwan nardu ne, Shaihul Islam Ibn Taimiyya ma ya ce ya fi nardu sharri, saboda ya fi cinye zuciya. Hujjarsa ayar Ma'ida ce, wadda ta ambaci illoli biyu na giya da caca: jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. Ina girmama wannan magana, amma ban gamsu ta kai ga haramta wasan a karan kansa ba. Ƙiyasi yana buƙatar dalilin hukuncin ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Nardu a kan sa'a aka gina shi, mutum ya miƙa al'amarinsa ga abin da ƙwaya ta nuna, wanda ya yi kama da kiban ƙuri'a na jahiliyya. Shaɗaranji babu sa'a ko kaɗan a cikinsa, komai a fili yake a gaban mutum biyu, wanda ya fi lissafi ya ci. Wannan bambancin ne Shafi'iyya suka tsaya a kai. Idan kuma aka ce dalilin shi ne shagaltarwa, to shagaltarwa sifa ce da take zuwa ta tafi. Kasuwanci yana shagaltarwa, Alƙur'ani ma ya ambace shi a Suratul Jumu'a, amma ba a haramta shi ba sai lokacin kiran salla. Abin da aka hana saboda abin da yake jawowa, hanin yana tsayawa ne inda aka sami abin, ya ɗauke inda babu.

Naka kuma ya fi sauƙi a kan wasan da suka yi jayayya a kai. Babu abokin karawa, saboda haka ƙofar gaba da cika baki da zagi a rufe take, babu kuma wanda za a yi caca da shi. Abin da ke gabanka lissafi ne mai amsa ɗaya. Ɗauki wasan da Paul Morphy, shahararren gwanin ches, ya buga a Faris a 1858, wanda kusan duk mai irin wannan nazari ya gamu da shi: ya miƙa sarauniyarsa a taku na 16, doki ya cinye ta dole, sai hasumiya ta sauka layin ƙarshe ta kashe sarki a taku na 17. Wanda aka ɗora wa wannan hoton aka ce ya nemo, ana koya masa ya duba takun da rai ke ƙi, ya bi kowace amsar abokin gaba har ƙarshenta kafin ya taɓa komai. Ban ga abin zargi a wannan horon ba. Kuma ba sabon abu ba ne a wurin Musulmi, tun zamanin Abbasiyawa a Bagadaza gwanayen wasan, su al-Adli da as-Suli, suka tattara irin waɗannan matsaloli a littattafai. Ban kawo su a matsayin hujja ba, aikin fadawan halifa ba ya halatta komai, na kawo su ne don ka san abin ya daɗe a gaban malamai.

Abin da na rinjayar shi ne, warware waɗannan matsaloli kai kaɗai halas ne a asalinsa. Wanda ya bari don fita daga saɓani, musamman mai bin zahirin maganar Malik, ya kyauta, kada ka yi masa gardama.

Amma ɗana, hujjar Ibn Taimiyya da na ce ba ta hau kan kowa ba, kai ta hau kanka. Ka ce har ƙarfe biyu, ka ce ka makara Asuba, ba sau ɗaya ba. Barcin da aka yi wa uzuri shi ne wanda ya rinjayi mutum ba da sakacinsa ba. Wanda ya san idan ya kai wannan lokacin ido biyu ba zai tashi ba, kuma ya kai ɗin saboda wasa, shi ya jawo. A wannan yanayin, yin sa a wannan lokacin haramun ne a kanka. Ka tuba, duk Asubar da ta kuɓuce maka ba ka sallata ba ka rama. Yin sa kullum dare kuma shi ne dawwamar nan da Khalil ya ambata.

Ka fitar da shi daga shimfiɗarka gaba ɗaya. Ka ba shi ɗan lokaci sananne da rana, bayan ka gama karatunka da wuridinka na Alƙur'ani, kuma ka ƙayyade adadin matsalolin tun kafin ka buɗe wayar. Manhajojin nan an tsara su ne kada ka tashi: kana gama ɗaya wata ta faɗo, ga maki yana hawa yana sauka, ga ƙidayar kwanakin da ka jera ba fashi. Littafin matsaloli na takarda ya fi maka aminci, domin shafi yana ƙarewa. Idan ka tsinci kanka a cikin salla allo na yi maka gizo, kana lissafin inda doki zai faɗa, ka dakata da shi na wasu makonni, kada ka yi ciniki da ranka a kan wannan.

Biyan kuɗin manhaja ko sayen littafi babu laifi. Gasar da kowa zai zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, ita ce cacar da aka hana, ko da sunan gasar basira aka kira ta. Hoton kan doki a fuskar waya ba gunki ba ne, kada ka sa wa kanka waswasi. Idan dai za ka sayi allo na hannu, ka nemi wanda babu gicciye a kan sarkinsa, ko ka cire.

Abokinka kuma kada ka je masa da fatawa a hannu kamar wanda ya ci shari'a. Ya kuskure wurin ɗora hadisi, ka gyara masa cikin ladabi, domin jingina wa Annabi (SAW) hukuncin da bai faɗa ba abu ne mai nauyi. Sannan ka roƙe shi ya riƙa kiranka a waya lokacin Asuba har jikinka ya saba.

Wallahu a'alam.